Ban Ji Ka Ba

Iskandariyya, Oktoba 1987

Ramiz ɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da karatunka da dabbobin da ake koya maka yi wa magani. Mu nan lafiya, in aka ɗebe gwiwata ta hagu, wadda ke sanar da ni zuwan ruwan sama tun kafin rediyo ta sani. Mahaifinka ya aiko mini da zuma daga Minya, ya ce in gaya maka wasiƙunka sun cika gajarta.

Na yi murna da jin ka shiga ƙungiyar waƙa ta jami'arku. Sai dai a ƙarshen takarda ka ce in gaishe maka da "'yan amshina". Haba Ramiz. Shekara guda ka yi a gidana kana koyon Italiyanci, kana cinye mini wake, kana raka ni bita ranar Talata, ashe barci kake yi a kujerar baya. Ba kai kaɗai ba ne, rabin garin nan haka suka ɗauka: wai akwai mawaƙi ɗaya a gaba, sauran suna bayansa suna amsa masa kamar a gidan biki. Mai sayar mini da kifi har gobe tambayata yake yaushe za a nuna ni a talabijin. Mu ba mu da mawaƙi, ba mu da 'yan amshi. Ni da ke tsaye a gaba ina ba da hannu, bakina a rufe yake.

Ka kuma ce malamarku ta tambaye ka labarin ƙungiyarmu, ka ce mata wasu tsofaffi ne ke taruwa. To ga abin da za ka koma ka gaya mata. Mahaifina, Dakta Nasif, ƙanen kakanka, likitan haƙori ne. Yakan ce ya gaji da leƙa bakin mutane yana ganin ɓarna, yana son ya ga an buɗe baki abin kirki ya fito. Duk wanda ya hau kujerarsa ya ce "aa", Baba na sauraren muryar. Haka ya tsinto mutanensa a 1953: wani Bagirike mai gidan burodi, da Madam Araksi 'yar Armeniya mai ɗinki, da Ustaz Abdul-Mun'im na gidan waya, Kiristoci Ƙibɗawa da Musulmi da waɗanda ba a ma tambaye su ba. Ya raba su kashi huɗu, ya ce gini za su yi. Mata masu siririyar murya su ne rufi, mata masu muryar ƙasa su ne bango, maza masu zaƙin murya ginshiƙai, maza masu kaurin murya harsashi. Kowane kashi da hanyar da yake bi, duka a lokaci guda, amma abin da ke isa kunnen mai sauraro waƙa ɗaya ce. Muna rera tsofaffin waƙoƙin Turai da na Andalus, don a san mutanen garin nan suna iya haɗa baki a kan abin kirki. Jama'a suka sa mana suna 'Yan Talata, muka amsa.

Ga dalilin wasiƙar. Harsashinmu ya zaizaye. Da mutum uku ne. Ɗaya ya bi 'ya'yansa Kanada, ɗaya Allah ya yi masa rasuwa, saura Ammu Girgis, shi kuma kunnensa ya fara yi masa gardama. Babu harsashi, babu taron waƙa, shi ya sa muka daɗe ba mu fita ba. Makon jiya Abla Tahani, shugabar makarantar da ke ara mana zaure, ta tare ni a ƙofa.

Ta ce, "Abla Insaf, malamin kareti yana son zauren nan ranar Talata. Shi yaransa ana ganinsu."

Na ce, "Mu ai jinmu ake yi."

Ta ce, "To a ji ku kafin azumi ya kama. In ba haka ba, shi zan ba makulli."

In muka rasa zauren nan, ba zan iya sake tara mutanen nan ba, don gwiwarsu ta fi tawa lalacewa. Ƙungiyar za ta cika shekara talatin da biyar a Afrilu, lokacin hutunku na Ista. Na ji abin da ke fitowa daga banɗakina da safe duk tsawon zamanka, na san Allah ya ba ka harsashi. Ka zo. Kafin nan, ka aiko mini da kaset na ƙungiyarku in ji inda ka kai.

Goggonka,
Insaf

*

Bolonya, Nuwamba 1987

Goggo,

Ina gaishe ki da kyau, ina yi wa gwiwa sannu. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da taliya. Taliya da rana, taliya da yamma, in ka nemi wake su kalle ka kamar ka nemi naman raƙumi. Ki gaishe da Ammu Girgis, amma ki matsa kusa da kunnen dama.

Maganar 'yan amshi na janye ta. Na gaya wa Malama Ornella, wadda ke ba mu hannu, labarin Dakta Nasif da kujerarsa, ta yi dariya har ta ce a nan ma da haka aka zaɓi mutane da ta huta.

Ga kaset nan, na taron da muka yi a wata tsohuwar majami'a. Mu wajen arba'in ne. Ina layin baya ta hagu, tsakanin wani dogon Bajamushe da wani ɗan Sisiliya mai warin tafarnuwa.

Goggo, ina roƙon abu ɗaya. Ki saurara da kunnen malama, ba da kunnen goggo ba. Kin san Baba. Tun ina yaro in na ɗaga murya sai ya ce a duba ko ɓaunar maƙwabta ce ta ɓalle. Har yau in na buɗe baki sai in ji kamar yana bayana. In kin ga muryata za ta ɗauki gini, zan sayi tikitin jirgin ruwa in zo. In ba za ta ɗauka ba, ki gaya mini kai tsaye, kada in zo in kunyata ki a gaban Abla Tahani da malamin kareti.

Ɗanki,
Ramiz

*

Iskandariyya, Disamba 1987

Ramiz,

Gaisuwa a gurguje, mai kai wasiƙa gidan waya yana tsaye yana jirana. Kowa lafiya.

Kaset ya iso. Na saurara ni kaɗai, na mayar baya na sake. Ranar Talata na kai shi zaure na kunna wa jama'a. Ramiz, ban ji ka ba. Tun daga farko har ƙarshe na kasa kunne a wajen harsashi, ban ji ka ba ko a wuri ɗaya. Na dubi Madam Araksi, wadda kunnenta ke jin faɗuwar allura, ta girgiza kai ta ce ita ma haka, har sai da ta share hawaye. Ban taɓa zaton zan rubuta wa yaron gidanmu wannan magana ba.

Ka san abin da ya rage ka yi.

Goggonka,
Insaf

*

Iskandariyya, ƙarshen Janairu 1988

Ramiz,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san ko akwai wanda ke karɓar gaisuwar ba. Mu dai muna raye. Ruwan sama ya yi mana dukan tsiya, teku ta hau titi, gwiwa ta ce ai ta faɗa.

Kirsimetin Turawa ta wuce, tamu ta Ƙibɗawa ta wuce, ko kati babu. Na tambayi mahaifinka, ya ce ka rubuta masa kana lafiya. To hannun da ya rubuta Minya, karyewa ya yi da aka zo kan Iskandariyya? Ku mutanen kudu, in kuka yi shiru sai mutum ya rasa ko fushi ne ko barci.

Bari in gaya maka halin da ake ciki, ko ka ji tausayi. Ammu Girgis yanzu sai kowa ya shiga waƙa sannan ya biyo baya, kamar wanda ya makara jirgi yana bin sa a guje. In mun gama, shi yana nan yana tafiya. Makon jiya na ɗaga hannu na rufe waƙa, zaure ya yi tsit, shi kuwa ya ci gaba da "uuu" shi kaɗai, idonsa a rufe.

Ustaz Abdul-Mun'im ya dafa shi ya ce, "Sauko, Girgis, an iso tasha."

Ya buɗe ido ya ce, "Ku ne kuke gudu kamar ana bin ku."

Malamin kareti kuma ya fara zuwa yana auna bango da ido. Yana gaishe ni da ladabi, wannan ya fi ba ni haushi.

Kada ka ɗauka wannan ne karo na farko da muka shiga matsi. Lokacin da Girkawa da Italiyawa suka yi ta barin garin nan, duk wata sai mun raka wani tashar jirgin ruwa. Mai gidan burodi ya tafi da rabin ginshiƙai. A shekarar yaƙi, da aka shafa wa tagogi shuɗin fenti don kada jiragen yaƙi su ga haske, a ɗakin girkin Madam Araksi muke bita, tsakanin tukwane. An ce wa Baba ya haƙura, zamanin abin ya wuce. Ya ce shi ba don zamani ya fara ba. Ya ce muddin akwai mutum huɗu a garin nan da za su yarda kowa ya bi hanyarsa ba tare da ya take ɗan'uwansa ba, to Talata ba za ta wuce a banza ba. Wannan shi ne aikinmu, ba wani abu ba. Ba mu taɓa cika babban zaure ba, ba mu kuma taɓa fasawa ba.

Yanzu duk wannan yana rataye a wuyan yaron da ba ya amsa wasiƙa. Ka sayi tikitin ko ba ka saya ba? Kalma ɗaya ta ishe ni.

Goggonka da ta gaji,
Insaf

*

Bolonya, Fabrairu 1988

Goggo,

Ina gaisuwa. Ina lafiya. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Ba barci nake yi ba, aiki nake yi. Na karanta wasiƙarki ta Disamba, na fahimce ta sarai, na gode da ba ki ɓoye mini ba. Wani abokina zai sauka Iskandariyya cikin makon nan, na ba shi sabon kaset na taron da muka yi kwanan nan. Ina fata wannan karon Madam Araksi ba za ta wahalar da kunnenta ba.

Maganar tikiti tana jiran amsarki.

Ramiz

*

Iskandariyya, Fabrairu 1988

Ramiz,

Abokinka ya kawo kaset, zai juya gobe, shi ya sa nake rubutu a bayan kati.

Na ji ka. Daga farko har ƙarshe, kai na ji. Madam Araksi ta ji ka. Masu gadi a ƙofar makaranta sun ji ka. Ammu Girgis, wanda rabonsa da jin ƙararrawar gidansa tun bara, ya ɗago kai ya ce, "Wannan ai Ramiz ne." Ba ni da abin da zan ƙara.

Insaf

*

Bolonya, Maris 1988

Goggo tawa,

Gaisuwa da babbar murya, tunda yanzu akwai ta. Ina lafiya, maƙogwaro ne kawai ke ɗan yi mini zafi, ina shan zuma.

Katinki yana jingine a kan teburina, duk wanda ya shigo sai na fassara masa. Yanzu zan iya gaya miki gaskiya. Wasiƙarki ta Disamba ta kwantar da ni. Mutum arba'in, ki ce ba ki ji ni ba ko a wuri ɗaya, har tsohuwa ta yi mini kukan tausayi. Na ce ashe Baba ma ya yi mini adalci, don ɓauna aƙalla ana jin ta. Na yi niyyar barin waƙa gaba ɗaya. Sai na tuna kin ce na san abin da ya rage in yi.

To na yi. Kullum da safe ina hawa saman ginin da muke haya ina buɗe ƙirji, har matar da ke ƙasa ta fara buga rufi da sandar tsintsiya. A wurin bita na daina jin kunya. Bajamushen nan da ke danne ni, yanzu shi ke matsawa gefe. Ɗan Sisiliya ya koma toshe kunne ɗaya, ya ce sanyi ke damunsa.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Malama Ornella, da take yi mini murmushi, yanzu ta mayar da ni bayan ginshiƙin majami'a, kuma kullum tafin hannunta yana kallona yana yin ƙasa. Jiya ta ce in ba zan iya gyarawa ba, in riƙa motsa baki kawai. Ina jin ba ta saba da muryar mutanen Kogin Nilu ba ne. Ko kuma Bajamushen ya kai ƙara.

Na sayi tikiti. Zan iso kafin Shammun Nasim, bikinmu na washegarin Ista, ki ajiye mini kifin gishiri da albasa. Ki gaya wa Ammu Girgis ya huta, ni kaɗai na isa in riƙe ginin. Malamin kareti kuma ya nemi wani zaure, don har a gidansa zai ji ni.

Ɗanki mai godiya,
Ramiz

*

Iskandariyya, Maris 1988

Ramiz,

Ina gaishe ka. Lafiyata ƙalau har zuwa lokacin da na buɗe wasiƙarka. Na karanta a tsaye, na nemi kujera, na sake karantawa. Ka ajiye cokalin zumar nan ka saurare ni.

Na kai wasiƙar zaure na karanta musu, don ni kaɗai ba zan iya ɗaukar ta ba. Da na zo wurin sandar tsintsiya, Ustaz Abdul-Mun'im sai da ya fita waje. Madam Araksi ta dafe ƙirji ta ce, "Kukan tausayi? Ni? Kukan hassada na yi."

Ga abin da kowane ɗan Talata ya sani. Bayan taronmu na farko, Madam Araksi, tana budurwa a lokacin, ta ruga wurin Baba ta ce, "Dakta, ka ji ni?" Ya ce, "Na ji ki, 'yata. Abin da ya ɓata waƙar ke nan." Ta yi fushi. Sai ya tambaye ta, "Haƙora nawa kike ji a bakinki yanzu?" Ta ce ko ɗaya. Ya ce, "Ranar da kika zo wurina fa?" Ta ce ɗaya, wanda ya hana ta barci. Ya ce, "To haƙorin da ake ji shi ne mai ciwo. Lafiyayye yana nan yana aiki, ba a san da shi ba."

Tun daga ranar, a wurinmu babu zagin da ya kai "na ji ka", babu kuma yabon da ya kai "ban ji ka ba". Baba ba ya rabon wannan yabo kamar alewa. Madam Araksi ta yi shekaru tana jira. Ni 'yarsa sau ɗaya na samu. Kai kuwa daga kaset ɗaya na ba ka, ka ɗauka ka hau saman gini da shi.

Ustaz Abdul-Mun'im da ya dawo yana share ido ya ce, "Amma Abla, yaron ya taɓa jin an faɗa wa wani a gabansa?" Na yi tunani, na ce a'a, don a shekarar da ka zauna da mu babu wanda ya cancanta. Ba su ji daɗin wannan amsa ba.

Kaset na farko, harsashinku ya fito kamar mutum ɗaya mai faɗin ƙirji. Kana ciki, na sani, don ƙasan waƙar ya cika, amma ba a iya zare ka daga ciki. Kaset na biyu kuwa, Ramiz ne da 'yan amshinsa talatin da tara. Matar nan ta Italiya mai haƙuri ce. Ni da tuni na tura ka wurin malamin kareti.

Yanzu na fi tsoron zuwanka a kan rashin zuwanka. Mu goma sha huɗu ne, tsofaffi. In ka buɗe wannan ƙirjin a kanmu, rufi da bango duk za su zube, Abla Tahani kuma ta miƙa makulli tun kafin a tafa.

Ga abin da za ka yi, kuma ka fara yau. Ka sauko daga saman gini, ka shiga ɗakin girki. Firji yana da ƙugi guda da yake yi ba ya canzawa. Ka tsaya kusa da shi, ka rufe baki, ka nemi sautinsa da naka. Da farko za ka ji ku biyu kuna gogayya, kamar ana kaɗa ruwa a kwano. Ka ɗan hau, ka ɗan sauka, har kaɗawar ta lafa. Akwai wurin da za ka rasa wane ne kai wane ne firji. Ka zauna a nan. In ka je bita, ka yi haka da Bajamushen. In ba ka jin na kusa da kai, ka yi yawa. Kuma kada ka juya mini magana a karo na uku: ban ce ka yi raɗa ba. Harsashi ba a ganinsa, amma shi ke ɗauke da kowa. Ka ba da muryar duka, ka ba da ita a cikin ta mutane.

Ka je ka ba Malama Ornella haƙuri, da matar ƙasa. In wata kalma a wasiƙar nan ta yi maka kama da yabo, ka sake karantawa.

Goggonka,
Insaf

*

Bolonya, ƙarshen Maris 1988

Goggo,

Ina gaisuwa, a hankali. Maƙogwaro ya warke. Katin na sauke shi daga kan tebur, sai dai akwai mutane da yawa da zan bi in gyara musu fassara.

Abokan hayata sun same ni tsaye a gaban firji ina gurnani, suka tambaya ko labari mara daɗi ya zo daga gida. Kwanakin farko ni da shi faɗa muke yi. Ran nan sai na ji abin da kika ce, har na tsorata na buɗe ido in ga ko ni na yi shiru. Ban yi ba.

Na ba Malama Ornella haƙuri, na ba ta labarin haƙori. Ta dawo da ni layi. Jiya muna tsakiyar waƙa na ga tana leƙa baya tana neman wani abu, da ta hango ni sai ta ɗaga gira ta ci gaba. Bayan an tashi ta ce ta zaci ban zo ba. Na ce mata na gode. Bajamushen ya ce bai ga abin godiya ba.

Jirgi zai tashi ranar Asabar. Ki gaya wa Ammu Girgis kada ya huta, ina buƙatarsa a gefena.

Ɗanki,
Ramiz

*

Iskandariyya, Mayu 1988

Ramiz ɗana,

Ina fata ka isa lafiya, teku ba ta juya maka ciki ba. Mu nan lafiya. Masu azumi a cikinmu sun sa na mayar da bita bayan shan ruwa, kuma Ustaz Abdul-Mun'im yana zuwa da cikinsa cike da zaƙi, numfashinsa ba ya kai ƙarshen layi.

Makulli yana jakata. Abla Tahani ta ce malamin kareti ya riƙa zuwa ranar Alhamis, ta ce ta yi shekaru tana jin mu ta bango ba ta san haka abin yake ba. Ammu Girgis kuma yana ta ba kowa labari. Ya ce da ka manna kafaɗarka da tasa, a ƙashinsa yake jin lokacin shiga, kuma rabonsa da isa tasha tare da jama'a ya manta. Ya ce in gaya maka, da kunne bai ji ka ba, kuma ba don kurumta ba.

Ka lura ranar taro ban ce maka komai ba, don kada ka sake hawa wani ginin. A waƙa ta uku, wurin da rufi ke yin shiru, na ji ka. Ka san wurin, na ga kunnenka ya yi ja. Sauran duka ban ji ka ba.

Saura labarin mahaifinka. Ka san da ya zo taron ya tsaya a gidana don ganin likitan ido, kuma tunda ya yi ritaya ba ya gaggawar komawa Minya. Duk kwanakin da kake nan yana ta yi maka kirki, har na fara zargin ba shi da lafiya. Talatar da ta biyo bayan tafiyarka ya raka ni zaure. Ana shan shayi sai ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Insaf, ban so in faɗa a gaban yaron ba, kada ransa ya ɓaci. Na wuni a jirgin ƙasa, na sa sabuwar riga, na zauna a layin gaba. Wallahi ban ji shi ba. Ko sau ɗaya."

Zaure ya ɗauki tafi. Madam Araksi ta taso ta kama hannunsa biyu tana yi masa barka. Ya dube ni ya ce, "Mutanen nan lafiyarsu ƙalau?" Na ba shi labarin haƙori. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato ku tara mutane, ku wahala, don kada a ji ku. Ai wannan kowa zai iya."

Ramiz, ka taɓa sauraren muryar mahaifinka in yana mita? Ni sai ranar na saurara. Kofunan shayi har rawa suke yi a kan faranti. Ashe ɓaunar gado ce. Kai kuma sai baɗi za ka gama, kafaɗar Ammu Girgis tana nan babu kowa.

Shekaranjiya da safe na shiga ɗakin girki na same shi tsaye a gaban firji, bakinsa a rufe, kansa a karkace. Da ya gan ni ya ce dubawa yake ko injin ya lalace. Na ce masa tunda kowa zai iya, ya zo ranar Talata ya gwada. Ya ce shi ba ɗan amshin kowa ba ne. Na ce ya kwantar da hankalinsa, mu ma ba mu da su.

Goggonka,
Insaf